Harajin shekarun baya: Yadda sauya dokar IR35 ya jefa 'yan kwangilar Birtaniya cikin fargaba

A ranar 6 ga Afrilun 2021 wani gyaran doka ya fara aiki a Birtaniya, wanda ya sauya yadda ake karɓar haraji daga dubban ƙwararrun da ke aikin kwangila da manya da matsakaitan kamfanoni masu zaman kansu. Gyaran ya ɗauke ikon tantance matsayin ɗan kwangila daga hannunsa, ya damƙa shi ga kamfanin da yake yi wa aiki. Daga wannan rana kamfanin ne ke faɗin ko mutumin da ya ɗauka ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, ko kuwa ma'aikaci ne da ya kamata a riƙa cire masa haraji daga abin da ake biyansa.

Raguwar kuɗin shiga ita ce damuwar farko da 'yan kwangilar suka bayyana. Amma akwai wata damuwar da ta fi ta hana su barci, wato makomar shekarun da suka wuce. Idan kamfani ya ce a yau wane ma'aikaci ne, alhali ya shafe shekara huɗu ko biyar yana wannan aikin a wannan wurin yana biyan haraji a matsayin mai zaman kansa, me zai hana hukumar haraji ta waiwayo ta nemi cikon abin da bai biya ba? Tambayar ta shafi injiniyoyin kwamfuta, da ma'aikatan haƙar mai da iskar gas, da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo da talabijin, da likitoci da ma'aikatan jinya na wucin gadi, ciki har da 'yan Najeriya da dama da ke neman abinci a waɗannan sana'o'i a can.

Asalin dokar

Sunan IR35 ya samo asali ne daga lambar wata sanarwar manema labarai da hukumar harajin cikin gida ta Birtaniya ta fitar a watan Maris na 1999, a ranar da ministan kuɗi na lokacin, Gordon Brown, ya gabatar da kasafin kuɗi. Ita ce sanarwa ta 35 a jerin na ranar, kuma sunan ya bi dokar har yau. Ta fara aiki ne a watan Afrilun 2000. A 2005 aka haɗe hukumar harajin cikin gida da ta kwastam suka zama hukuma guda mai suna HMRC, wadda ita ke aiwatar da dokar a yanzu.

Abin da gwamnati ta so magancewa shi ne wata dabara da ta yaɗu a shekarun 1990. Ma'aikaci zai ajiye aiki ranar Juma'a, ya yi rajistar ƙaramin kamfani wanda shi kaɗai ne mai shi kuma shi kaɗai ne ma'aikacinsa, sannan ya dawo ranar Litinin ya zauna a kujerar da ya bari, yana aikin da ya saba. Bambancin kawai shi ne a yanzu kamfaninsa ake biya. Daga cikin kuɗin sai ya yanka wa kansa ɗan ƙaramin albashi, sauran kuma ya kwashe a matsayin ribar hannun jari.

Amfanin tsarin ga ɓangarorin biyu a fili yake. A Birtaniya, baya ga harajin kuɗin shiga, akwai gudummawar inshorar ƙasa wadda ma'aikaci ke biyan nasa kaso, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya biya nasa. Ba a biyan wannan gudummawa a kan ribar hannun jari. Saboda haka ɗan kwangilar yakan koma gida da kuɗin da ya fi na abokin aikinsa mai albashi, shi kuma kamfanin da ya ɗauke shi ya huta da biyan kasonsa na inshora, wanda ya daɗe yana kashi 13.8 cikin ɗari kafin a ɗaga shi zuwa kashi 15 a Afrilun 2025. Ya kuma huta da biyan kuɗin hutu, da na rashin lafiya, da na fansho, da na sallama.

Dokar IR35 ta tanadi tambaya guda: da a ce babu wannan ƙaramin kamfani a tsakani, da mutumin ya ƙulla yarjejeniya kai tsaye da wanda yake yi wa aiki, shin da za a kira shi ma'aikaci? Idan amsar e ce, to yana cikin da'irar dokar, kuma dole a biya haraji da inshora kusan daidai da na mai albashi. Idan a'a ce, yana wajen da'irar, ya ci gaba da harkarsa a matsayin ɗan kasuwa. Na tsawon shekara goma sha bakwai ɗan kwangilar da kansa ke amsa wannan tambaya, kuma kamfaninsa ne ke ɗaukar bashin idan daga baya aka gano ya yi kuskure.

Yadda ake gane ma'aikaci

Wahalar lamarin ita ce majalisar dokoki ba ta rubuta cikakkiyar ma'anar ma'aikaci a dokar haraji ba. An bar wa kotuna wannan aiki, kuma har yau ana dogara da hukuncin da wata babbar kotu ta yanke a 1968 a shari'ar kamfanin Ready Mixed Concrete, wadda ta shafi direban motar dakon kankare. Daga wannan hukunci da waɗanda suka biyo bayansa aka fitar da ma'aunan da ake amfani da su.

Na farko, shin dole ne mutumin ya yi aikin da hannunsa, ko yana da damar turo wani ya tsaya masa? Ɗan kasuwa na gaskiya yana iya aiko wakili, ma'aikaci kuwa ba ya iyawa. Na biyu, wane irin iko mai aikin yake da shi a kansa, wajen faɗa masa abin da zai yi, da yadda zai yi shi, da wuri da lokaci? Na uku, akwai wajibcin juna a tsakaninsu, wato wannan ya yi aiki wancan ya biya lada? Bayan waɗannan sai a dubi sauran alamomi: kayan aikin na wane ne, wa ke ɗaukar asara idan aiki ya lalace, yana da wasu abokan hulɗa ko da wuri ɗaya ya dogara, kuma ya shige cikin tsarin ma'aikatar har ba a bambanta shi da sauran ma'aikata ko kuwa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ma'auna da ke yanke hukunci shi kaɗai. Alƙali yakan haɗa su duka ya auna, ya dubi takardar yarjejeniya tare da yadda aikin ya gudana a zahiri. Shi ya sa mutum biyu masu sana'a iri ɗaya ke iya fitowa daga kotu da sakamako mabambanta. A watan Satumban 2024 Kotun Ƙolin Birtaniya ta sake waiwayar batun a shari'ar hukumar da ke samar da alƙalan wasan ƙwallon ƙafa na Ingila, inda ta nuna cewa ko aikin wasa guda yana iya cika sharaɗin wajibcin juna da na iko. Duk da haka ta mayar da shari'ar ƙaramar kotu domin a auna sauran alamomin.

Gyare-gyaren 2017 da 2021

Hukumar HMRC ta daɗe tana kukan cewa kaɗan ne daga cikin waɗanda ya kamata su bi dokar suke bin ta, kuma bin ƙananan kamfanoni ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. A Afrilun 2017 gwamnati ta sauya tsarin ga ma'aikatun gwamnati, da asibitocin hukumar lafiya ta ƙasa NHS, da ƙananan hukumomi, da kafar BBC. Nauyin tantance matsayi ya koma kan ma'aikatar, nauyin cire haraji kuma ya koma kan wanda ke biyan kamfanin ɗan kwangilar, wanda sau da yawa kamfanin dillancin ma'aikata ne. A shekarar ce hukumar ta fitar da wata manhaja a intanet mai suna CEST, wadda ake amsa mata tambayoyi ta fitar da matsayi.

An tsara faɗaɗa gyaran zuwa kamfanoni masu zaman kansu a Afrilun 2020, amma annobar korona ta sa aka ɗage shi da shekara guda. A ƙarƙashinsa dole kamfani ya bai wa ɗan kwangila rubutacciyar takardar da ke bayyana matsayinsa tare da dalilai, ya kuma yi hakan da kulawar da ta dace. Idan ɗan kwangilar bai gamsu ba yana iya ƙalubalanta, kamfanin kuma yana da kwana 45 ya amsa. An keɓe ƙananan kamfanoni, waɗanda a lokacin ake aunawa da cika biyu daga sharuɗɗa uku: cinikin da bai wuce fam miliyan 10.2 a shekara ba, kadarorin da ba su wuce fam miliyan 5.1 ba, da ma'aikatan da ba su wuce 50 ba. Mai aiki da irin waɗannan kamfanoni har yanzu shi ke tantance kansa a bisa tsohon tsari, kuma haɗarin yana wuyan kamfaninsa.

Tun kafin gyaran ya fara aiki wasu manyan bankuna, irin su Barclays da HSBC da Lloyds, suka sanar da cewa za su daina hulɗa da masu aiki ta ƙananan kamfanoninsu gaba ɗaya. Wasu kamfanonin kuma suka riƙa sanya kowa a cikin da'irar dokar ba tare da duba kowane mutum a kan kansa ba, domin gudun kada bashin haraji ya faɗo musu. Wani kwamitin Majalisar Dattijan Birtaniya, a rahoton da ya fitar a Afrilun 2020, ya soki tsarin da cewa yana samar da mutanen da ke biyan haraji kamar ma'aikata amma ba su da ko ɗaya daga haƙƙoƙin ma'aikata.

Inda haɗarin waiwaye yake

Gyaran 2017 da na 2021 ba su taɓa ma'aunan gane ma'aikaci ba. Ma'aunan da ake amfani da su a yau su ne na 2000. Wanda ke riƙe da ma'aunin ne ya sauya, kuma daga nan haɗarin ya taso.

A ɗauki misalin injiniyan kwamfuta da ya fara aiki da wani banki a 2017 ta ƙaramin kamfaninsa. Kowace shekara yana cike takardun haraji yana cewa yana wajen da'irar dokar. A Afrilun 2021 bankin ya ba shi takarda cewa yana cikinta. Teburinsa bai sauya ba, shugabansa bai sauya ba, lokacin zuwa da na tashi ma haka. Duk mai binciken da ya ga takardar zai iya tambayar abin da ya bambanta aikin watan Maris da na watan Afrilu. Idan babu bambanci, to ko dai bankin ya yi kuskure, ko kuma injiniyan ya shafe shekara huɗu yana biyan ƙasa da abin da doka ta wajabta. Shekarun da suka gabaci gyaran suna ƙarƙashin tsohon tsari, saboda haka bashinsu na kamfanin injiniyan ne, ba na bankin ba.

Doka ta ba HMRC damar komawa baya gwargwadon yanayin kuskuren. A al'ada tana iya komawa shekara 4. Idan ta nuna cewa an yi sakaci, wa'adin ya zama shekara 6. Idan da gangan aka ɓoye gaskiya, tana iya komawa har shekara 20. A kan asalin harajin ana ɗora kuɗin ruwa tun daga ranar da ya kamata a biya. Sannan akwai tara, wadda ke iya kaiwa kashi 30 cikin ɗari na harajin idan sakaci ne, kashi 70 idan da gangan ne, da kashi 100 idan an haɗa da ɓoye hujja. Ga wanda ya riga ya kashe kuɗin a kan gida da makarantar yara, lissafin shekara shida a lokaci guda yana iya cinye duk abin da ya tara.

Rufe kamfanin ma ba ya zama mafita a kowane lokaci. Hukumar na iya hana a soke rajistar kamfanin da take bi bashi, ko ta nemi kotu ta dawo da wanda aka riga aka soke. Akwai kuma yanayin da doka ta ba ta damar bin daraktan kamfanin da kansa, musamman idan an nuna cewa da saninsa aka ƙi cire harajin.

Alƙawarin hukumar da shakkun jama'a

Domin kwantar da hankula, HMRC ta yi alƙawari a rubuce kafin gyaran 2021 cewa ba za ta yi amfani da bayanan da sabon tsarin ya samar wajen buɗe sabon bincike a kan shekarun baya ba, sai idan tana da dalilin zargin zamba ko aikata laifi. Ta kuma ce a watanni goma sha biyun farko ba za ta ci kamfanoni tara a kan kurakuran tantancewa ba, muddin ba da gangan aka yi su ba.

Masu ba da shawara kan haraji sun lura da iyakar wannan alƙawari. Manufa ce ta hukuma, ba a sanya ta cikin doka ba, don haka ikon binciken yana nan daram. Bai shafi binciken da aka riga aka buɗe ba. Bai kuma hana hukumar buɗe bincike bisa bayanan da ta samo ta wata hanya ba, alhali tun 2015 kamfanonin dillancin ma'aikata ke aika mata rahoto kowane wata uku a kan mutanen da suke biya ba tare da cire haraji ba.

Abin da ya faru a 2019 ya ƙara wa shakkun ƙarfi. A shekarar hukumar ta aika wasiƙu ga kimanin 'yan kwangila 1,500 da ke aiki da kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline, tana shaida musu cewa a ganinta suna cikin da'irar dokar, tana kuma neman su sake duba harajinsu na shekarar da ta gabata. An aika wasiƙun ne ga rukuni guda a lokaci guda, ba tare da an binciki yarjejeniyar kowannensu ba.

Abin da shari'o'in fitattu suka nuna

Shari'o'in masu gabatar da shirye-shirye ne suka fito da girman lamarin fili, domin sunayensu sanannu ne. A 2018 kotun haraji ta yanke hukuncin cewa Christa Ackroyd, wadda ta gabatar da shirin labarai na BBC a arewacin Ingila, tana cikin da'irar dokar, kuma harajin da ake bin kamfaninta na shekarun 2006 zuwa 2013 ya haura fam 400,000. Ta ɗaukaka ƙara a 2019 ba ta yi nasara ba. A 2018 wasu masu gabatar da shirye-shirye sun shaida wa wani kwamitin majalisar dokoki cewa BBC ce ta matsa musu su kafa irin waɗannan kamfanoni in suna son ci gaba da aiki.

Wasu kuma sun yi nasara. A Maris na 2019 Lorraine Kelly ta tashar ITV ta kayar da hukumar a kan harajin kusan fam miliyan 1.2. A Maris na 2023 tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa Gary Lineker ya yi nasara a shari'ar fam miliyan 4.9, bayan kotu ta gano cewa shi da kansa ya sa hannu a yarjejeniyoyinsa kai tsaye, saboda haka dokar ba ta hau kansa ba.

Shari'ar Kaye Adams, wadda a lokacin take aiki da gidan rediyon BBC na Scotland, ita ce ta fi nuna tsadar nasara. Harajin da ake taƙaddama a kansa kusan fam 124,000 ne. Ta yi nasara a ƙaramar kotu, ta sake yi a ta gaba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da batun ƙasa a 2022, ta kuma yin nasara a ƙarshen 2023. Sai a Janairun 2024 hukumar ta ce ba za ta sake ɗaukaka ƙara ba, bayan kusan shekara tara ana fafatawa. Adams ta bayyana cewa abin da ta kashe a kan lauyoyi ya zarce harajin da aka nema tun farko. A ƙaramar kotun haraji, a mafi yawan lokuta, kowane ɓangare ne ke biyan lauyansa ko ya ci ko ya faɗi. Wannan na sa ƙananan 'yan kwangila da dama su gwammace sasantawa su biya, ko da suna ganin gaskiya na gefensu.

Hatta gwamnati ba ta tsira daga ruɗanin ba. Rahoton ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar, na Fabrairun 2022, ya nuna cewa ma'aikatu da hukumomin gwamnati sun biya ko sun ware fam miliyan 263 saboda kurakuran tantance matsayin 'yan kwangilarsu tun 2017. Ma'aikatar ayyuka da fansho kaɗai ta biya fam miliyan 87.9, kuma wasu daga cikin ma'aikatun da manhajar CEST ta hukumar harajin suka yi amfani.

Harajin rance: dokar da ta waiwaya da gaske

Duk abin da aka ambata a sama bincike ne a kan shekarun baya a ƙarƙashin dokar da dama take nan. Akwai wani nau'in haɗarin na daban, wato majalisa ta yi sabuwar doka da za ta shafi abin da ya riga ya wuce. 'Yan kwangilar Birtaniya sun ga irinsa, kuma shi ne tushen rashin yardarsu da alƙawuran hukuma.

Bayan fitowar IR35 a 2000 wasu kamfanoni sun riƙa tallata wata hanyar kauce mata. Maimakon a biya mutum ladansa, sai a ba shi ɗan albashi kaɗan, sauran kuɗin a bi da su ta wani asusun amana, galibi a wajen ƙasar, a miƙa masa a matsayin rance wanda kowa ya san ba za a nemi ya mayar ba. Tun da ba a biyan haraji a kan rance, mutum yakan tafi da kaso mai yawa na kuɗinsa. Da yawa daga waɗanda suka shiga sun ce akantoci ko dillalan aiki ne suka ba su tabbacin cewa tsarin halal ne a doka. A Yulin 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar tsohon kamfanin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Rangers cewa kuɗin da aka bi da su ta irin wannan asusu lada ne da ya kamata a biya wa haraji.

Gwamnati ta sanar da harajin rance a kasafin kuɗin 2016, majalisa ta zartar da shi a 2017. Ya tanadi cewa duk rancen da aka karɓa ta wannan hanya tun daga Afrilun 1999, wanda ba a mayar ba zuwa ranar 5 ga Afrilun 2019, za a tattara shi a ɗauke shi a matsayin kuɗin shigar shekara guda. Tattara kuɗin shekaru masu yawa a shekara ɗaya ya jefa mutane cikin rukunin masu biyan kaso mafi girma. Gwamnati ta ƙiyasta cewa mutum kusan 50,000 abin ya shafa. Ta dage cewa haraji ne sabo a kan bashin da ke nan a ranar, masu suka kuma suka ce komawa baya ne na shekara ashirin, wanda ya tsallake wa'adin da doka ta gindaya wa hukumar.

An samu rahotannin mutanen da suka sayar da gidajensu, da auren da ya mutu, da waɗanda suka kashe kansu, har hukumar da kanta ta miƙa wasu daga cikin mace-macen ga hukumar da ke sa ido a kanta. Matsin lambar 'yan majalisa ya sa aka naɗa Sir Amyas Morse, tsohon babban mai binciken kuɗi, ya duba lamarin. Rahotonsa na Disamban 2019 ya sa aka cire rancen da aka karɓa kafin ranar 9 ga Disamban 2010, bisa hujjar cewa kafin wannan rana doka ba ta fito fili ba, aka kuma ba da damar raba sauran a kan shekara uku. Taƙaddamar ba ta mutu ba, domin a Janairun 2025 gwamnati ta sake naɗa wani masanin haraji, Ray McCann, ya duba hanyoyin sasantawa da waɗanda har lokacin ba su biya ba.

Gyare-gyaren IR35 sun tura mutane da yawa zuwa kamfanonin da ake kira na laima, waɗanda ke ɗaukar ɗan kwangila a matsayin ma'aikacinsu su cire masa haraji su biya shi. Akasarinsu suna bin doka, amma wasu sun dawo da tsohuwar dabarar rance da sabon suna, kuma ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a na cikin waɗanda suka faɗa tarkon. Alamar da HMRC ke yawan gargaɗi a kanta ita ce alƙawarin kuɗin tafiya gida da ya wuce ƙima, ko a riƙa biyan mutum kashi biyu, ɗaya da takardar albashi ɗaya babu.

Matakan kariya

Shawarar da masana ke bayarwa ta ta'allaƙa ne a kan hujja, domin binciken da zai zo bayan shekara biyar da takardu ake kare shi. Suna ba da shawarar a ajiye kowace yarjejeniya, da saƙonnin da ke nuna yadda aikin ya gudana, da shaidar lokutan da aka turo wakili ko aka ƙi karɓar aikin da ba ya cikin kwangila, da shaidar wasu abokan hulɗa. Neman ƙwararre ya duba kwangila kafin a sa hannu yana taimakawa wajen nuna cewa ba a yi sakaci ba, abin da ke iya rage wa'adin bincike daga shekara 6 zuwa 4 ya kuma kawar da tara. Akwai inshorar da ke biyan kuɗin lauya idan bincike ya zo, amma ba ta karɓar matsalar da aka riga aka sani kafin a saye ta.

Wanda aka sanya a cikin da'irar dokar a kan aikin da ya daɗe yana yi yana da damar ƙalubalantar hukuncin a rubuce, ko da ba zai yi nasara ba, domin hakan na zama shaidar cewa bai amince da shi ba. Wanda ya bar Birtaniya ya koma gida bai rabu da lamarin ba, domin barin ƙasa ba ya soke harajin kuɗin da aka samu a cikinta.

Halin da ake ciki

Dokar ta sha jan-in-ja a siyasa. A ranar 23 ga Satumban 2022 ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da soke gyare-gyaren 2017 da 2021. Kafin wata guda ya cika, a ranar 17 ga Oktoba, magajinsa Jeremy Hunt ya janye sanarwar. Daga Afrilun 2024 aka gyara wani gurbin da aka daɗe ana kuka da shi: idan aka samu kamfani da kuskuren tantancewa, ana cire harajin da ɗan kwangilar da kamfaninsa suka riga suka biya daga abin da za a nema, domin kada a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. A kasafin kuɗin Oktoban 2024 kuma gwamnati ta sanar da cewa daga Afrilun 2026 dillalan ma'aikata, ko kamfanin da ake yi wa aikin idan babu dillali, za su ɗauki alhakin harajin da kamfanin laima ya kasa biya.

Wa'adin shekara 4 na shekarar harajin ƙarshe kafin gyaran kamfanoni masu zaman kansu, wadda ta ƙare ranar 5 ga Afrilun 2021, ya cika a Afrilun 2025. Na shekara 6, wanda ya shafi sakaci, zai cika a Afrilun 2027. Har zuwa lokacin, 'yan kwangilar da aka sauya wa matsayi a 2021 suna da dalilin ci gaba da adana takardunsu. Masu aiki da ƙananan kamfanoni kuwa suna nan a kan tsohon tsari, inda kowace shekarar haraji ke buɗe nata sabon wa'adin.